Lambatun layinmu a Aboabo, Kumasi ta Ghana: littafin aikin gayya

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Yau aka gama awon lambatun, daga bakin masallacin layi har inda yake zubewa cikin babbar kwatar da ke gangarawa rafin Aboabo. Tsawonsa mita 140, faɗin cikinsa santimita 60, zurfinsa 70. An bi shi da guntun rodi ana cakawa duk bayan mita 5 don a san kaurin lakar: wani wuri 30, wani wuri 60, matsakaici 45. Da aka buga lissafi, abin da ke kwance a ciki ya kusa kubik mita 38, wato baro wajen 580 in ana loda shi daidai yadda mutum zai tura bai zubar ba. Aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ba ta ɗaukar fiye da baro shida na laka, don haka sawu kusan 100 ke gabanmu. Rashin wannan lissafi ne ke sa a tara jama'a Asabar ɗaya, a jibge laka a bakin kwata, ruwan farko ya mayar da ita inda ta fito. Tun da aka kafa ranar tsabta ta ƙasa a Nuwamba 2014, bayan kwalarar shekarar, layin nan ya sha ganin irin wannan aikin baban giwa.

Abin da za a yi wa lambatun: a kwashe shi, a gyara ƙasansa, a rufe mita 50 da murfin kankare a gaban makarantar allo da ƙofofin gidaje, kafin ruwa ya kankama a Afrilu.

Sai waɗanda za su yi aikin. An rubuta mutum 26: matasa 11 da suka gama makaranta suna zaman kashe wando, 5 da suka zo da ƙafarsu suka ce suna son rabuwa da tiramol, 3 da suka dawo daga Libiya hannu rabbana, da mata 7, yawancinsu mazansu sun rasu sun bar musu yara. Ba mu ɗauke su don su ne masu arha ba. Mutumin da ya shekara ba wanda ya tambaye shi inda ya kwana yana bukatar wurin da za a kira sunansa da safe, a ga in bai zo ba, a bi sawunsa.

Ranakun aiki uku ne: Talata, Alhamis, Asabar, daga ƙarfe 6 zuwa 10. Wani dattijo ya so a yi kwana shida a gama da wuri, kwamiti bai yarda ba. Wanda ba shi da na cefane ba a cinye masa yini da sunan lada. Daga goma kowa ya tafi neman nasa, ko dako a kasuwar Kejetia, ko tuƙa firagiyar wani, wato babur mai ƙafa uku na fasinja.

Asabar, 18 ga Janairu

An kai takarda ofishin duba-gari na majalisar Asokore Mampong, waɗanda a nan ake ce wa tankas, ta hannun wakilin unguwa. Amfaninta biyu: a san inda za a zubar da laka, kuma in rikici ya tashi da mai gida a kan bututun da ya saki cikin lambatu, a sami wanda doka ta ba bakin magana. Kwantenar shara ta unguwa ba ta karɓar laka, nauyinta ya fi ƙarfinta. Leda da roba ne za su bi kwantena zuwa jujin Oti, lakar kuma a cike wani rami da zaizaya ta ci a ƙarshen layi, a rufe da jar ƙasa.

Kayan aiki a hannu: shebur 10, diga 3, baro 4, kwanon gini 8, manjagara 4, takalmin roba ƙafa 14, safar hannu ta roba mai kauri 20. Takalman ba su isa kowa ba, don haka masu shiga lambatu kaɗai ke sawa, kuma ba mai shiga da silifa ko da na minti ɗaya ne. A irin wannan laka akwai fasasshiyar kwalba, reza, ƙusa, da allurar da aka yar.

Mutum 17 ba su san ranar da aka yi musu allurar tetanus ta ƙarshe ba, an kai su asibiti an yi musu. Mutum 15 katin inshorar lafiyarsu ya mutu. Ana sabunta shi ta waya da *929#, wanda kuma bai taɓa yi ba sai an raka shi ofis da katin Ghana. Wannan ne kuɗin farko da aka kashe, tun kafin a sayi siminti, kuma haka ya kamata.

Ruwan wanke kaya: farin ruwan wanki mai kashi 3.5 cikin ɗari, kofi ɗaya a kofi shida na ruwa, shi ne na takalma, safa da shebur. Na wanke hannu a ɗebi kofi ɗaya daga wancan a ƙara kofi tara na ruwa. Kullum sabo ake haɗawa, domin rana na kashe ƙarfinsa. Da kwalarar da ta ɓulla a kudancin ƙasar tun ƙarshen bara, ba mai taɓa abinci sai ya bi ta bokitin nan da sabulu.

Kuɗi: gida 64 ke fuskantar lambatun, kowanne sidi 10 a mako. Wannan na man aboboya ne da kayan aiki. Siminti da buhu muke roƙo, da buhu muke lissafi, saboda farashinsa ba ya zama wuri ɗaya. Kuɗin na cikin asusun waya na MoMo ɗaya, ba a cire shi sai mutum biyu sun sani, kuma duk Juma'a ana manna lissafi a bangon masallaci. Abinci na wuyan Magajiya, shugabar matan unguwa, da ƙungiyarta: olonka (gwangwanin awo) biyu na shinkafa, ɗaya na wake, da karan dafi, yana ciyar da kowa da kowa.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Mita 62 sun fita. Makon farko an yi kuskure, an fara daga sama saboda nan ne gaban masallaci, kowa na son a ga aiki. Ruwan wanke-wanke na gidaje sai ya taru a inda aka kwashe, ya rasa hanya, mutane na tsaye cikin dagwalo har gwiwa suna ɗebo ruwa da shebur. Daga ƙasa ake farawa ana hawa, ruwa na tsiyayewa ta bayanka. Da aka juya, abin da ake yi a kwana biyu ya koma na safiya ɗaya.

Tsarin da ya zauna: mutum biyu a ciki, biyu a baki suna karɓa, ana canji duk minti 20. Laka ba ta shiga baro ranar da aka fito da ita. Ana jibge ta nesa da baki da taku ɗaya, ta tsane kwana biyu, sannan mata su bi da manjagara su ware leda. Abin da aka fito da shi Talata, Alhamis ake kwashewa. Ɗanyar laka na zuba a hanya, tana karya ƙafar baro, ga warin da ke jawo faɗa da maƙwabta.

Ledar fiya wata ita ce kusan rabin abin da ke toshe lambatun. Masu saye da kilo ba sa son mai laka sai an wanke an shanya, kuma kuɗin bai taka kara ya karya ba. Duk da haka an bar wa matan shi kacokan, ba ya shiga asusu.

An tarar da bututu huɗu na ban-ɗaki da ke zuba kai tsaye. Ba mu toshe su da kanmu ba, ba a kuma kira sunan kowa a masallaci ba. Liman da mai unguwa sun shiga gidajen da dare. Biyu sun yi alkawarin haƙa rami, biyu an bar wa tankas.

Kwalbatin da ke ƙarƙashin titi, mita 7, an hana kowa shiga. Iskar da ke taruwa a rufaffen wuri irin wannan, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, tana kayar da mutum kafin ya yi ihu, kuma in ta yi yawa hanci ma daina jin ta yake yi. An zura igiya da gora daga baki zuwa baki, aka ɗaura rabin tsohuwar taya, ana ja gaba ana ja baya. Safiya uku ya ci.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Ɗaya daga cikin biyar ɗin nan masu son rabuwa da tiramol ya faɗi yau wajen ƙarfe takwas, yana riƙe da kwano a bakin lambatu. Jikinsa ya sandare, sannan ya kama fizga. Wani ya rugo da cokali zai sa masa a baki, masta, maginin da ke koya musu aikin, ya riƙe hannunsa ya ce, "Yaya, ajiye, ba a sa masa komai." Aka janye shebur da duwatsu daga kusa da shi, aka sa riga a ƙarƙashin kansa, aka duba agogo. Minti biyu ya lafa, aka juya shi ta gefe har ya farfaɗo, aka sa shi a firagiya zuwa asibiti. Da ya haura minti biyar, lambar gaggawa 112 za a kira. Da santimita 40 ya matsa, cikin lambatun zai faɗa da ka.

Daga baya ya faɗa da bakinsa cewa ya kwana huɗu bai sha ba, jiki ya matsa masa, daren jiya ya haɗiye uku lokaci ɗaya don ya iya fitowa aiki. Tiramol da hukuma ta amince da shi a Ghana mai 50 ne da mai 100. Wanda ke yawo a lungu mai 120 ne, da 225, da 250, kuma yawansa na jawo irin wannan faɗuwa.

Laifin tsarinmu ne. Mun ɗauka gajiyar aiki da zama cikin jama'a za su isa. Ba za su isa ba. Wanda jikinsa ya saba, in ya yanke lokaci ɗaya, zufa ce, da rawar jiki, da gudawa, da ciwon gaɓoɓi, da rashin barci na kwanaki, kuma da wuya ya jure bai koma ba. Ragewa a hankali aikin likita ne. An sauya abubuwa kamar haka. Duk biyar za su ga ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma kowanne an haɗa shi da babba ɗaya da zai raka shi ranar asibiti, ba ɗan gidansu ba, domin kunya na hana su faɗin gaskiya a gaban dangi. Ba sa tsayawa a bakin lambatu, ba sa ɗaga nauyi sama da kai, sai an ga wata guda lafiya. An mayar da su yankan rodi da ɗaurin waya, aikin zaune mai cin hankali. Wanda ya koma sha ba a korar sa, ya faɗa wa mai raka shi, ranar ya zauna a inuwa ya ci abinci. Kora za ta koya musu ɓoyewa ne kawai, kuma ɓoyewar ce ta kusa halaka wannan yaro.

An kuma hana wa'azi a kansu a wurin aiki. Masu yin sa da kyakkyawar niyya suke yi, amma yaron da aka nuna da yatsa gaban mutum ashirin ba ya dawowa Talata.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Kwasar laka ta ƙare ranar Talata, sawun aboboya 103.

An duba gangara da farin tiyo mai ruwa a ciki, mita 10. Abin da ake so santimita ɗaya a kowace mita. Yawancin lambatun ya samu, sai mita 18 a tsakiya inda ƙasan ya lotsa har santimita 8, nan ne ruwa ke kwanciya sauro ya yi gida. An tare ruwa da buhunan yashi, aka karkatar da shi ta bututu, aka kankare wurin da burushin ƙarfe, aka zuba kankare aka fitar da gangara da igiya. Buhu 4. Gyaran bango inda ya tsage, buhu 5.

Yau aka yi zubin farko na murfi. Ga awonsa ga mai son kwaikwaya. Tsawo santimita 90, domin ya hau bango da 15 kowane gefe. Faɗi 50, kauri 10. Nauyinsa ya haura kilo 100, mutum huɗu ke ɗauka. Mazubin katako ne mai gefe huɗu ba gindi, ana ajiye shi a kan leda a ƙasa mai laushi da aka daidaita, a shafa wa cikinsa baƙin mai. Kafinta ya yi goma.

Rodi: mai milimita 12 guda huɗu a tsawo, kowanne santimita 85. Mai milimita 10 guda biyar a gicciye, kowanne 45. Rodin da muka samu mita 9 ne, don haka babban na ba da guda 10, ƙaramin guda 20. Murfi 100 na cin babba 40, ƙarami 25. Ragar rodin tana zama santimita 2.5 daga ƙasa a kan 'yan guntayen siminti da magina ke kira biskit. Ba a tokare ta da katako ko dutsen hanya, nan ruwa zai bi ya kai ga ƙarfe ya yi tsatsa. Ana kafa guntun bututu biyu na inci ɗaya a tsaye, su bar huda: ta nan za a zura ƙugiya a ɗaga murfin ranar shara, ta nan kuma ruwan sama zai shiga.

Kwaɓi: buhu ɗaya na siminti, kwano huɗu na yashi, kwano takwas na tsakuwa mai kashi uku cikin huɗu na inci. Ruwa galan Kufuor ɗaya mai lita 25, in yashi da danshi a rage. Ana juya shi a bushe sau uku har launi ya zama ɗaya kafin ruwa ya shiga. Buhu uku na fitar da murfi goma. Bayan an zuba, a caccaka da rodi, a bubbuga gefen katako da guduma har kumfa ta daina fitowa.

Masta ba ya riƙe cokalin gini sai zai gyara kuskure. Shi ne sharaɗin da aka yi da shi. Kowane mazubi da mai shi, kuma ana rubuta lambar mutum a littafi kusa da lambar murfinsa.

Asabar, 8 ga Maris

Cikin ashirin na farko, bakwai sun tsattsage a fuska, uku daga ciki gefensu na marmashewa in an goga da ƙusa. Dalili biyu aka gano. Samari na ƙara ruwa a ɓoye don kwaɓi ya yi sauƙin juyawa, kuma kankare mai ruwa da yawa ba ya ƙarfi. Na biyu yashi. Tifar da aka kawo ta biyu, da aka zuba yashinta rabin kwalba, aka cika da ruwa da ɗan gishiri, aka girgiza aka bari ya kwana, laka ta kwanta a sama kusan kashi ɗaya cikin bakwai. Ya wuce kima nesa ba kusa ba. Mai tifar bai karɓi kayansa ba, an yi cike da shi. Daga yau ba a sauke yashi sai an damƙa a hannu an ga bai bar ja a tafi ba, kuma ba a biya sai kwalba ta kwana.

Ban-ruwa ma ya yi rauni. Busasshiyar iskar ƙarshen hunturu na shanye fuskar kankare cikin awa biyu. Yanzu da ya fara kamawa ake lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhun algarara, a ɗora leda. Ana cire katako bayan kwana ɗaya, ba a motsa murfi sai ya kwana bakwai, ana jiƙa shi safe, rana da yamma, ba a kuma ɗora shi a lambatu sai ya cika 28. Mata huɗu ke riƙe da wannan, kuma tun da ya koma hannunsu ba a sake samun tsaga ba. Wata Mma da ke zaune daf da filin ta ɗaura zare mai launi a kowane layi don ta san ranar zubinsa, tunda ba ta karanta boko. An bar tsarin nata, ya fi alli da ruwa ke wankewa.

Azumi ya kama, an mayar da zubi bayan asham, daga tara zuwa sha ɗaya, da ƙwan lantarki biyu da aka ja daga masallaci. Ya yi wa kankare kyau, sanyin dare ba ya gaggauta shi. Ya kuma yi wa samarin kyau ta inda ba mu zata ba, domin lokacin nan ne da suke zaune a majalisar da ake sha. Abincin safe ya koma ƙullin sahur da kowa ke tafiya da shi gida.

Hannun mutum shida ya tsage saboda siminti na ci. Safa dole, da man kaɗe bayan an wanke.

Talata, 25 ga Maris

Gobarar kasuwar Adum ta ranar Juma'a, 21 ga wata, ta taɓa layin nan. Mutum huɗu da ke neman abinci a can sun wayi gari ba rumfa ba kaya. Ba su zo neman aikin gayya ba, kuma ba a matsa musu ba. An dai gaya musu akwai abinci da wurin zama da dare. Biyu sun fara zuwa. Ɗaya ya iya lissafi sosai, an miƙa masa littafin kaya: siminti nawa ya shiga, nawa ya fita, shebur nawa aka mayar. Mutumin da ya saba buɗe shago kullum, zaman gida ne ke karya shi fiye da asarar.

Zubi ya ƙare ranar 20 ga wata. Murfi 110, buhu 33. Goma da aka ƙi za su zama matakala a ƙasa, inda ba rami a ƙarƙashinsu.

Asabar, 12 ga Afrilu

An ɗora 70, sauran na jiran cikar kwana 28. Kafin ɗorawa ana daidaita kan bango da kwaɓin siminti ɗaya yashi huɗu, a bari ya sha iska, don murfi ya zauna bai yi rawa ba. Ba a manne shi da bango. Murfin da ba ya ɗaguwa ya mayar da lambatu kabari, ba mai sake share shi. Ana ɗauka da sanda biyu da igiya ta cikin hudojin, ba da yatsu a ƙarƙashi ba.

Ɗaya ya karye ranar Laraba. Wata ƙaramar motar kaya mai rarraba fiya wata ta hau da tayar baya, murfin ya rabe biyu ya rufta, na kusa da shi kuwa ɗan siririn layi kawai ya nuna. Da aka duba, a kife aka ɗora shi. Fuskar da ta kwanta a kan leda ta fi santsi da kyau, masu ɗorawa suka ɗauka ita ce sama. Alhali nan rodin yake, kuma ƙasan murfi ne ke buɗewa in nauyi ya danna, can ake bukatar ƙarfe. An bi saba'in ɗin ɗaya bayan ɗaya, aka sami wasu huɗu a kife, aka juya. Sauran an rubuta musu SAMA da jan fenti. Nan gaba da ƙusa za a rubuta tun kankare na ɗanye.

Wannan murfi na ƙafa ne da babur, ba na mota ba. An kafa turaku shida na bututu mai inci huɗu cike da kankare a inda mota ke iya ratsowa.

Littafi ya nuna wanda ya zuba murfin da ya karye, kuma yaron ya zo da kansa fuska a murtuke, yana jiran faɗa. Masta ya ɗauki ɓarin ya nuna wa kowa cikinsa: ba rami, ba kumfa, rodi na zaune daidai kan biskit. Ya ce masa, "Zubinka ba laifi, ɗorawa ce ta ci mu." Yaron na cikin waɗanda suka dawo daga Libiya, kuma wata biyu ba a ji ya haɗa jimla uku ba. Ranar shi ya jagoranci juya sauran huɗun.

Talata, 29 ga Afrilu

Ruwan daren jiya shi ne gwaji na farko na gaske. Lambatun ya ɗauke shi daga sama har ƙasa, tsakiyar da aka gyara ba ta riƙe ko kofi ba. Amma ruwa ya shiga gida biyu a saman layi, kuma mu muka jawo. Ragar tare shara da muka kafa a mashiga, rodi tsaye da tazarar santimita 5, ta cika da leda cikin minti kaɗan ta zama bango, ruwa ya bi ta gefe. An je an ba masu gidajen haƙuri, an taya su kwalfewa, an biya katifa ɗaya daga asusu.

Mai walda ya sake ta: tazara 8, a kwance kamar tsani yadda ruwa zai tura shara sama, kuma an rage tsayinta da santimita 15 daga baki, don in ta toshe ruwa ya tsallake ta ya faɗa lambatu maimakon gidan mutane. An sa mutum biyu masu kwana kusa, da manjagara da tocila, kowane mako ana canzawa. Su ana ba su ɗan abin sayen katin waya, domin tashin dare cikin ruwa ya wuce gayya.

Asabar, 17 ga Mayu

Murafan duka na kan lambatu. Siminti ya tashi buhu 45 da na daidaita bango da turaku.

Mutane: cikin 26 na farko, 19 na nan. Uku sun sami aiki a wurin gini a Sawaba da Sepe, da takardar shaida daga masta da liman mai nuna kwanakin da suka zo da abin da suka iya. Biyu sun bar gari. Biyu sun daina zuwa, ɗaya daga cikinsu na cikin biyar ɗin nan, kuma mai raka shi na leƙa shi duk Juma'a. Sauran huɗun na zuwa asibiti, ɗaya ya koma sha sau biyu ya faɗa da kansa. Ba mu rubuta kowa a matsayin wanda ya warke ba.

Masu gidaje daga layuka biyu na maƙwabta sun yi odar murfi 36, da kuɗi. A nan aka yi doguwar muhawara. Wasu na ganin kuɗin ya shiga asusu a ci gaba da gayya. Kwamiti ya tsaya a kan cewa abin da aka yi wa layi kyauta an yi shi, abin da wani zai saya kuwa sana'a ce, mai yi ya ci guminsa. Rabon: a cire kuɗin kaya, kashi ɗaya cikin goma na riba ya shiga akwatin gyaran baro da mazubi, saura na masu zubi da masu ban-ruwa daidai da kwanakinsu a littafi. Rabi a hannu, rabi adashi. Su huɗun nan, da yardarsu, nasu na hannu ba ya zuwa dunƙule, mai raka kowanne na ba shi kaɗan-kaɗan ko a biya masa haya kai tsaye.

Mata uku sun nemi kafa teburin shinkafa da wake a kan wurin da aka rufe gaban makaranta. An amince bisa sharaɗi biyu: su yi gwajin lafiya na masu sayar da abinci a majalisa su karɓi takarda, kuma teburin ya zama mai ɗaguwa, ba rumfar da za a kafe a kan murfi.

Gida 23 cikin 64 sun daina biyan sidi goma tun da suka ga aiki ya yi kyau, ga shi kuma yanzu ne ake bukatar kuɗin shara. Bututu ɗaya na ban-ɗaki har yau yana zuba. Laka ta fara taruwa, an auna santimita 6 a ƙasan layi. Asabar ta farko a Yuni za a ɗaga kowane murfi na biyar a ja laka da manjagara mai dogon hannu, kuma kafin ranar ana bukatar ƙugiya huɗu daga wurin mai walda da sabuwar ƙafar baro biyu.